Ni da 'Yar Bangon Surukina a Madina

Tun da na dawo daga Madina ƙofar gidana ba ta huta ba. Mai zuwa karɓar dabino, mai neman zamzam, mai son ganin hoton jikata, kuma kowacce kafin ta tashi sai ta rage murya ta ce, "Malama, wai da gaske ne kin suma a can?" Na faɗa har bakina ya gaji. Na kuma lura duk wadda ta ji sai ta ƙara nata gishirin, don shekaranjiya a Islamiyya na ji ana cewa wai wani inji ne ya kulle ni a ɗaki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya faru. Ke kuma Hajiya Lami, da ɗanki yake son sayo miki irin na'urar tunda ya sa miki sola, sai ki karanta ki yanke wa kanki hukunci.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hadiza, malamar firamare ce ni a Funtuwa kafin in yi ritaya. 'Yata ta uku, Rukayya, tana auren wani injiniya ɗan Zariya da yake aiki a Madina. Da cikinta na fari ya tsufa, a al'ada gida za ta dawo wanka, amma likita ya hana ta hawa jirgi. Sai mijin ya nemo mini bizar ziyarar iyali, aka ce ni in je.

Kwana uku na yi ina haɗa kaya. Kanwa, garin kunu, daddawa, kuka, yajin jego da na daka da hannuna, busasshen ganyen darbejiya na wanka, da man shanu a cikin wata babbar kwalba. Ƙanena ya kai ni Kano a motarsa ta hanyar Malumfashi. Muna wuce Gwarzo muka faɗa wani rami, muka ji ƙara a but. Da aka buɗe, murfin yaji ne ya fita. Daga nan har filin jirgi atishawa muke yi, shi yana tuƙi yana share hawaye yana cewa, "Yaya, wannan yajin na mai jego ne ko na korar ɓarayi?"

A filin jirgi kaya suka fi kilo. Na tsuguna a gaban jama'a ina tantancewa kamar mai talla. Man shanun nan da na fi ji da shi, shi aka ce ba zai bi ni cikin jirgi ba, a cikin akwati kuma babu wuri. Haka na miƙa wa ƙanena yana murna.

A jirgi kusa da wata tsohuwa 'yar Maraɗi na zauna, za ta umara. Duk abin da aka kawo mana sai ta shinshina ta mayar, ta kwance ƙullin dambun nama ta ce in sa hannu. Ita ta riƙe mini hannu lokacin da jirgi ya fara sauka, ni kuma na cike mata takarda.

Wurin duba fasfo aka fara yi da ni. Matar da ke zaune a wurin, fuskarta a rufe, ta ce in ɗora yatsuna a kan gilashi. Na ɗora, injin ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Ashe lallen da na ƙunsa na tafiya ne ya yi kauri a kan yatsun. Ta ba ni wani abu na goga, na hura, na shafa a goshi kamar yadda ta nuna mini, sai a karo na shida ya karɓa. Layin da ke bayana duk sun san ni.

Daga nan sai masu duba kaya. Wani jami'i ya ciro ƙullin kanwa ya kwance, ya ga fararen duwatsu, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa. Ni kuwa ban san sunan kanwa da Larabci ba. Wanda aka kira baƙi ne kamar mu, dogo. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, sai ya yi dariya ya ce, "Hajja, kanwa?" Na ce, "Ita ce, ɗan nan!" Ya ce, "Kakata tana sawa a wake." Iyakar Hausar da ya yi mini ke nan, sauran duk Larabci ya yi wa ɗan'uwansa, aka ɗaure mini kayana. Shi ne Bahaushen Madina na farko da na gani, irin jikokin mutanenmu da suka tafi aikin hajji a ƙasa tun zamanin kakanni suka zauna.

Injiniya yana jirana a waje. Kun san ni da kunyar suruki, shi ma haka yake. Tsakiyar filin jirgi ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ni, Larabawa suna kallo, ni kuma ina amsawa ina duban wani gefe. Da muka fito wajen motoci sai na ji kamar an buɗe mini bakin tanda. Na san zafin Funtuwa na bazara, na san na Sakkwato, amma wannan daban ne, busasshe ne, har cikin ido yake shiga. Na zauna a baya. Daga filin jirgi har gida, bayan gaisuwa, abin da ya shiga tsakaninmu bai wuce "Umma, ga dutsen Uhudu can" da "Allahu Akbar" ba.

Gidansu a unguwar Al-Sih yake, hawa na uku. Babu tsakar gida, babu inda za ka shanya ko ɗankwali sai wata 'yar baranda. Ina sa ƙafa a ciki kuwa sai na ji sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Sanyin daga rufi yake saukowa ta wasu ramuka, kowane ɗaki da nasa. Rukayya ta fito da ƙaton ciki, ƙafa ba takalmi a kan tayil. Raina ya sosu.

A bangon da ke tsakanin falo da ɗakuna na ga abin. Zagayayye ne kamar murfin kwanon sha, da lamba tana haske a tsakiya: ashirin da biyu. In ka matso sai ya ƙara haske kamar ya gane ka. Injiniya yana kiransa tamostat, ni kuwa na sa masa 'yar bango. Rukayya ta yi mini bayani. Ita ke ba esin gidan, wato na'urar sanyaya ɗakuna, umarni. In ka murɗa ta dama gida ya yi ɗumi, hagu ya yi sanyi. Tana koyon halin masu gida, ta san lokacin da suke tashi da lokacin da suke fita, in babu kowa ta rage aiki don kada wuta ta tafi a banza. Kuma Injiniya yana ganinta a wayarsa ko yana wurin aiki.

Na ce, "To, ita ma 'yar gida ce ke nan."

Kwanana huɗu Rukayya ta sauka lafiya a asibiti, aka sami mace. A nan na san maƙwabciyarsu, Hala Zainabu. Hala a bakinsu kamar inna ce ko gwaggo. Dattijuwa ce mai jiki, a Madina aka haife ta, kakanta daga Haɗeja ya taso. Hausarta rabi da rabi ce, asibiti mustashfa, waya jawwal, esi mukayyif, amma in ta yi karin magana sai ka rantse jiya ta baro gida. Jikokinta in na yi musu Hausa suna ji sarai, su amsa mini da Larabci. Ita ta fara shigowa da tukunyar shinkafa da aka dafa da madara da romon kaza, mai laushi kamar fate, suna ce mata saliƙ. Da safe kuma wake dakakke da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi, da shayi mai na'ana'a. Na'ana'ar Madina kam ban taɓa jin mai ƙamshinta ba. Ranar suna babu maroƙa babu 'yan ɗaukar kwano, rago guda aka ɗora a kan shinkafa a faranti ɗaya, mata suka zagaye shi. Wani ya kawo tsire daga unguwar Sultana, da ƙuli da komai, suna kiransa sire. Na ce Allah Sarki, har tsire ya yi hijira.

Wankan jego kuwa sai dabara. Babu murhu babu garwa, ruwan zafi daga famfo yake fitowa. Sai in tafasa ganyen a babbar tukunya in juye a bokiti. Abin da ya dame ni shi ne bayan wankan. Yarinya ta fito jikinta yana tururi, ta shigo ɗaki mai sanyin firji. Ni a yadda aka rene ni, sanyi ne babban abokin gabar mai jego. Mu gado ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Ga jaririya ɗanya shataf.

Maganar da ya kamata in yi wa mai gida ce, amma ta yaya zan tsaya gaban surukina in ce masa gidansa ya yi sanyi? Na yi wa Rukayya, ta ce, "Umma, likita ya ce kada a dafa yarinya da zafi." Ta juya ta yi barcinta.

Saboda haka washegari da Injiniya ya fita, na je gaban 'yar bango, na yi bisimilla na murɗa ta dama har ta kai ashirin da takwas. Gida ya yi daɗi. Ba a yi awa ɗaya ba sai na ji sanyi yana saukowa. Na duba, ta koma ashirin da biyu, ba wanda ya taɓa ta. Na sake murɗawa. Ta sake komawa. Haka muka yi kwana biyar, ni ina zaton taurin kai ne irin na inji. Ashe Injiniya ne a ofis yake ganin lamba ta hau, yana mayarwa. A kwana na shida kuma sai ga 'yar bango da kanta tana hawa ashirin da takwas bayan wankan safe. Ta koyi halina.

Da yamma sai in ji shi a falo yana yi wa Rukayya ƙorafi, ni ina ɗaki. "Tun da aka sayar da kamfanin nan abin ya lalace. Shekara uku ba ta taɓa yi mini haka ba." A nan na fahimci labarin. Wani ƙaramin kamfani ne ya ƙera ta, sai wani ƙato daga cikin manyan nan da ke da hannu a wayar kowa ya saye shi ɗungurungum. Tun daga lokacin suke ta aiko masa da saƙo ya mayar da rajistarsa wajensu, ya amince da sababbin sharuɗɗa, shi kuma yana ja da baya. "Sun san lokacin da muke kwanciya, sun san lokacin da gida ba kowa," in ji shi. "Yanzu kuma don na ƙi komawa wajensu suna wasa da ita."

Rukayya ta san gaskiya. Ta shigo ta ce, "Umma, ki bari in gaya masa." Na ce in ta gaya masa ban yafe ba. Yanzu in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Ranar Asabar ya kawo mai gyara daga wani shago a Sultana, Usta Haruna, mutum mai furfura a gemu, shi ma haifaffen can. Na kawo musu shayi na koma bakin ƙofar kicin. Ya danna nan ya danna can, ya karɓi wayar Injiniya ya daɗe yana dubawa.

"Ya Injiniya, wannan ba ta da mushkila," ya ce. "Duba nan. Duk abin da aka yi mata tana rubutawa. Wannan daga jawwal, kai ne. Wannan kuma da hannu aka murɗa. Da hannu, da hannu, da hannu."

Usta Haruna ya ɗago, idonsa ya sauka a kaina, ina sanye da rigar sanyi da safa a tsakiyar bazarar Madina. Sai ya mayar da kansa ga kofin shayinsa ya ce, "Akwai mai jin sanyi a gidan nan, shi ke nan. Uwata ma haka take, Allah ya jiƙanta."

Injiniya ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Don ya kawar da maganar, sai Injiniya ya tambaye shi ko ya cire ta ya mayar da irin ta da, mai maɓalli kawai. Usta ya girgiza kai. Ya ce shi dai a ganinsa tana da amfani, don a garin da esi ba ya hutawa wata da watanni, abin da zai rage masa aiki lokacin da ba kowa ba abin yarwa ba ne. "Amma ka san ba kai kaɗai ke da ita ba," ya ce. "Da, masu ita ƙananan mutane ne, in ka kira su za su amsa. Yanzu babban gida ne. Babban gida ba ya rushewa da wuri, wannan alheri ne. Sai dai yana son sanin komai, kuma ranar da ya gaji da ita zai daina kula ta, ba zai yi shawara da kai ba." Ya ce tsohuwar manhajar da ke wayar Injiniya ma an kusa rufe ta, gara a koma tun da wuri. Nan take suka mayar da rajistar, Injiniya yana danna amincewa yana tsaki.

Ni kuma a zuciyata na yi alkawari, hannuna da 'yar bango har abada.

Kwana biyu bayan nan Hala Zainabu ta ga ba ni da walwala, ta ce in shirya mu je ziyara. Mun yi sallah a masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Wannan ba zan iya kwatanta muku ba, sai dai in ce Allah ya kai kowa. Abin da ya ba ni mamaki, shiga Rauda ma yanzu sai an nema ta waya an ba ka lokaci. Daga nan muka wuce Uhudu, muka yi wa shahidai addu'a, muka bi rumfunan masu dabino. Wani mai rumfa ya ji muna Hausa ya ce shi ɗan Abeche ne, ya cika mini hannu da dabino ya ƙi karɓar komai. A hanyar dawowa na ba Hala labarin abin da ya faru. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Ya Hajja, mu nan suruki ɗa ne. Nawa har faɗa nake yi masa a kan gishirin miya." Na ce kowa da irin tasa tarbiyyar.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya aka ce a kai jaririya asibiti a duba ta, don idonta ya ɗan yi rawaya. Suka fita su biyu da hantsi. Ni ina azumi, na ce zan zauna in dama kunun kanwa in dafa ruwan ganye kafin su dawo.

Abin da babu wanda ya sani a cikinmu shi ne, da aka mayar da rajista, duk abin da Injiniya ya tsara a da ya goge. Sabuwar manhajar da waya take gane ko akwai mutum a gida, wayoyin da ta sani kuma biyu ne, tasa da ta Rukayya. Duk kwanakin nan Rukayya tana gida, shi ya sa ba a gane ba. Suna fita, 'yar bango ta ɗauka gida ba kowa, ta kashe esi.

Ina kicin, tukunya biyu a kan wuta, ban ankara ba sai da gumi ya jiƙa mini riga. Na fito na duba ramukan rufi, shiru. Lambar tana talatin da ɗaya. Na tsaya a gabanta. Murɗawa ɗaya ce, na san yadda ake yi. Amma sai zuciya ta ce mini, ai Injiniya yana gani a wayarsa. Wataƙila ma shi ya kashe, ya ce tunda tsohuwa zafi take so, ga shi nan. In na taɓa, za a sake rubutawa, da hannu. Na juya na koma kicin.

Tagogin gidan ba irin namu ba ne, na buɗe ɗaya iskar da ta shigo ta fi ta ciki zafi, na rufe. Azahar ta gabato, gidan ya zama kamar cikin tukunya. Ina da hawan jini, kuma ban sha magani ba saboda azumi. Na kashe wuta, na ce bari in je in watsa ruwa. Na tuna na dafa bango, na tuna lambar tana talatin da shida tana rawa a idona. Daga nan ban san komai ba.

Sauran a bakin Rukayya na ji. Suna zaune suna jiran likita, sai wayar Injiniya ta yi ƙara. Saƙo ne daga 'yar bango, wai zafin gidan ya wuce yadda ta saba gani. Ya duba, ya ga ta rubuta babu kowa a gida. Rukayya ta ce tsaye ya miƙe yana salati, "Umma! Umma tana ciki!" Daga nan inda yake ya kunna esin. Ya kira wayata tana ɗaki ba a ɗauka ba. Ya kira Hala Zainabu, wadda suke ajiye mabuɗi a wurinta.

Na farfaɗo na ga fuskar Hala a kaina, tana shafa mini ruwa tana faɗa da Hausa da Larabci a haɗe, sanyi yana saukowa daga rufi. Ta ɗura mini ruwa da dabino, ta ce azumin nafila ba a mutuwa a kansa. Ba a jima ba Injiniya ya iso da wani abokinsa likita ɗan Bauci, ya auna ni, ya ce zafi ne da rashin ruwa, Allah ya taƙaita, amma da an ƙara awa ɗaya da labari ya sha bamban. Jaririya kuma aka ce babu komai, a yawaita ba ta nono.

Bayan la'asar ina kwance, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Injiniya ne ya durƙusa a nan, bai shigo ba.

"Umma, ki gafarce ni. Laifina ne, ban duba abin da na danna ba."

Na juya fuska bango na ce babu komai.

"Umma, me ya sa ba ki murɗa ba?"

Sai Rukayya, wadda take zaune a gefen gado da jaririya, ta fashe da kuka. "Ta ɗauka kai ka kashe! Kai kana jin kunyarta, ita tana jin kunyarka, kun bar ni a tsakiya, yau da gawa za mu tarar!"

Ban taɓa jin muryar namiji ta karye haka ba. Ya ce, "Ni? Ni zan kashe miki? Umma, wallahi tun ranar da Usta ya zo nake neman yadda zan ce miki ki sa ta yadda kike so, na kasa."

Sai na tashi zaune, na dube shi, karo na farko tun da ya auri 'yata. Ashe yana da tabo a gira. Na ce, "Shigo ka zauna, Bashir." Rukayya ta daina kuka don mamaki.

A ranar muka yi maganar da ya kamata mu yi tun farko. Na faɗi tsorona game da sanyi, ya faɗi abin da likitan yara ya gaya musu, cewa yawan zafi ma yana cutar da jariri. Muka tsaya a ashirin da biyar, Rukayya ta riƙa sa safa, a kuma rufe ramin ɗakinta bayan wanka. Ya karɓi wayata ya sa mini manhajar, ya rubuta ni a cikin mutanen gida, ya sa iyakar zafin da ba za ta bari a wuce ba ko da kowa ya fita. Muka ƙarasa arba'in lafiya. Kafin in taho har na fara yi masa faɗa a kan yawan shan gahawa, Hala tana jin mu tana cewa yanzu na zama 'yar Madina.

To, Hajiya Lami, ga abin da na gani. Na'urar ba muguwa ba ce. Abin da aka gaya mata take yi, abin da ba a gaya mata ba kuma ba ta sani ba. Ita ta kashe mini esi, ita kuma ta yi kururuwa aka zo aka cece ni. A can, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma sanyi ɗaya ke zagaye gida duka, tana biyan wahalarta. A nan, da esinki guda ɗaya a ɗaki da rimot a ƙarƙashin filo, ban ga abin da za ta ƙara miki ba. In kuma ya nace sai ya saya, ki sa shi ya zauna ya karanta abin da yake amincewa da shi, ya kuma rubuta sunan duk mai kwana a gidan, har mai zuwa kwana biyu.

Saura abu ɗaya. Da na dawo, manhajar tana nan a wayata. Ranar farko ina zaune a tsakar gidana ba wuta, ina fifita, na buɗe sai ga lambar gidansu a Madina. Na ji daɗi, kamar na leƙa su. Na riƙa buɗewa safe da yamma. Cikin mako guda na san lokacin da Bashir yake fita. Na san ranar da suka tafi unguwa suka daɗe. Wata Juma'a na ga wayarsa ta fita ta Rukayya tana gida, yini guda bai dawo ba, na zauna ina saƙa ko saɓani suka yi, har na ɗauki waya zan tambaye ta. Sai na ajiye. Ni da na haife ta, ban ga dalilin da zai sa in san wannan ba.

Na kira shi na ce, "Bashir, ka cire ni daga cikin abin nan."

Ya ce, "Umma, wani abu aka yi?"

Na ce, "Ba a yi komai ba. Na ga abin da ya fi ƙarfin idona ne."

Na ji yana danne-danne. Sannan ya ce, "An cire ki, Umma." Ya yi 'yar dariya. "Ke kin nema da kanki. Su kuwa waɗancan masu kamfanin, har yanzu ban gano inda ake danna a cire su ba."